Dabino Ɗaya da Kurɓin Ruwa: Gasar Ƙwallon Faransa ta 2022/2023 da Azumin Shekarar 1444



Mun san cewa akwai daga cikin iyayenmu waɗanda za su yi mamakin ganin zancen ƙwallon ƙafa a wannan mujalla ta iyali, wadda aka saba karanta tarbiyya da fiƙihu a cikinta. Uzurinmu shi ne ƙwallo ta riga ta shigo gidajenmu ba tare da sallama ba. Tana cikin akwatin talabijin da ke tsakar gida, tana cikin wayar da ke hannun yaro, tana kuma bakin samari a kowace fada da ake dafa shayi. Daga cikin gasannin Turai kuwa, ta Faransa, wadda ake kira Ligue 1, tana da matsayi na daban a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, saboda da harshen da yaranmu suka koya a makaranta ake sharhinta, kuma can ne mafi yawansu suke mafarkin zuwa, kamar yadda Musa Ma'azu na Nijar ya je ya buga wa Monaco da Bordeaux a 2010. Mun zaɓi kaka guda, ta 2022/2023, domin a cikinta ne azumi da ƙwallo suka yi karo a fili, har maganar ta fita daga filin wasa ta shiga jaridu.

Yadda kakar ta gudana

An fara gasar ranar 5 ga Agusta 2022, aka kammala ranar 3 ga Yuni 2023, da ƙungiyoyi 20, kowace da wasa 38. Kaka ce mai tsanani tun daga tushe, domin an yanke shawarar rage ƙungiyoyin zuwa 18 a kaka mai zuwa, saboda haka huɗu ne za su faɗa rukuni na biyu. Sa'an nan aka tsinka ta gida biyu, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba, domin gasar cin kofin duniya ta Katar. A can ne Ashraf Hakimi da Maroko suka kai wasan kusa da na ƙarshe, a can ne kuma Messi da Mbappé, waɗanda suke cin abinci a akushi ɗaya a Paris Saint-Germain, suka fuskanci juna a wasan ƙarshe ranar 18 ga Disamba, Ajantina ta ɗauki kofi.

Kowa ya ɗauka PSG za ta lashe gasar tana kishingiɗe. Tun 2011 ƙungiyar take hannun masu zuba jari na Katar, ga Messi, ga Neymar, ga Mbappé, kuma Bahaushe ya ce kuɗi ƙare magana. Ta lashe ɗin, kofinta na 11, wanda da shi ta wuce Saint-Étienne mai 10, amma da maki 85, alhali ta biyu tana da 84.

Wannan ta biyun ita ce Lens, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Lens ƙaramin gari ne a arewacin Faransa, na jikokin masu haƙar kwal, wanda filin wasansa, Bollaert, yake ɗaukar mutum wajen 38,000, wato fiye da yawan mazauna garin kansa. Sai a 2020 ƙungiyar ta dawo rukuni na ɗaya, kuma sau ɗaya tak ta taɓa ɗaukar kofin gasar, a 1998. Mai horar da ita, Franck Haise, bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba kafin nan. Kyaftin ɗinta Seko Fofana ne na Kwaddibuwa, a gefensa a tsakiyar fili akwai Salis Abdul Samed na Gana, a gaba Loïs Openda wanda ya ci ƙwallo 21, a raga kuma Brice Samba. Cikin wasa 19 da suka yi a gida sun ci 17, kuma ƙwallo 29 kawai aka zura musu a kakar gaba ɗaya, babu wanda aka zura wa ƙasa da haka. Su ne suka fara kayar da PSG a kakar, da ci 3 da 1, ranar 1 ga Janairu 2023.

Wasan ramuwa ya zo ranar 15 ga Afrilu a Paris, a goman ƙarshe na Ramadan. Tazarar da ke tsakaninsu maki 6 ce, kuma Lens ta fara wasan da ƙarfi, har sai da Abdul Samed ya taka Hakimi a minti na 19, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Mbappé da Vitinha da Messi sun ci uku. Tazara ta koma 9. Daga nan Lens ta cinye duk wasanni 7 da suka rage mata, PSG kuwa ta yi ta tuntuɓe: Lorient ta doke ta a gida, ta yi kunnen doki da Strasbourg ranar 27 ga Mayu, wanda da shi ne ta tabbatar da kofin, sa'an nan Clermont ta doke ta a ranar rufewa. A tsakanin haka har dakatar da Messi aka yi saboda ya tafi Saudiyya ba da izinin ƙungiya ba. Duk wanda ya iya lissafi zai ga cewa taku ɗaya na ƙafar wani saurayi, a minti na 19, yana cikin abubuwan da suka raba Lens da kofi.

Mbappé ne ya fi kowa cin ƙwallo da 29, Lacazette na Lyon ya bi shi da 27. Habib Diallo na Senegal ya ci wa Strasbourg 20. Marseille ta zo ta uku da maki 73. Auxerre da Ajaccio da Troyes da Angers suka faɗa.

Wasiƙar da ta tayar da ƙura

An ɗauki azumin 1444 ranar 23 ga Maris 2023. Mako guda bayan haka hukumar ƙwallon ƙafa ta Faransa, FFF, ta aika wa alƙalan wasa saƙo cewa labari ya iso mata ana dakatar da wasanni domin masu azumi su sha ruwa, kuma wannan ya saɓa wa dokokinta, waɗanda suka wajabta a nisanta filin wasa daga duk wata alama ta addini ko siyasa. Shugaban kwamitin alƙalan, Éric Borghini, ya kare matakin da cewa wasa yana da lokacinsa, addini ma yana da nasa.

Domin a yi wa Faransawa adalci, ya kamata a san inda wannan tunani ya samo asali. Tun dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati suke riƙe da aƙidar da suke kira laïcité, kuma faɗan farko da aka yi a kanta tsakanin gwamnati ne da cocin Katolika, tun Musulmi ba su da yawa a ƙasar. Sai dai a zamanin nan kusan kullum a kan Musulmi sandar take sauka, kamar dokar 2004 da ta hana sanya alamomin addini na fili a makarantun gwamnati, wadda kowa ya san ɗankwalin 'yan mata ne ya jawo ta.

Abin da ya ƙara wa mutane zafi shi ne maƙwabta sun riga sun nuna cewa lamarin ba shi da wuya. A Ingila, a watan Afrilu 2021, an tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace na ɗan lokaci domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su buɗe baki, kuma a 2023 an ba alƙalan wasa umarni a fili su riƙa ba da wannan dama. A Jamus, a Afrilu 2022, alƙali ya tsaya wa Moussa Niakhaté na Mainz ya sha ruwa. Bugu da ƙari, dokokin ƙwallo da kansu sun yarda da hutun shan ruwa na minti ɗaya, kuma a Faransar ma ana yin sa a zafin watan Agusta. Ashe ke nan ruwan halal ne idan rana ce ta sa ƙishirwa, haram ne idan ibada ce ta sa ta. Lucas Digne, ɗan wasan Faransa da ke bugawa a Ingila a lokacin, ya yi tsokaci a kan yadda ake iya tsayar da wasa mintoci masu yawa ana duba hukunci, a kasa tsayawa minti ɗaya a sha ruwa. Ranar 2 ga Afrilu kuwa, a wasan PSG da Lyon, magoya bayan Paris suka ɗaga ƙyalle da rubutun da ma'anarsa ita ce dabino ɗaya da kofin ruwa su ne mugun mafarkin FFF.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. A wancan Ramadan, bayan an tura agogon Faransa gaba da awa ɗaya ranar 26 ga Maris, rana tana faɗuwa a Paris ne bayan ƙarfe 8 na yamma, manyan wasannin dare kuwa ana fara su da ƙarfe 8:45 ko 9. Saboda haka ƙwararrun da suke buga waɗannan wasanni galibi sun riga sun sha ruwa kafin a busa usur. Waɗanda wasiƙar ta fi ƙuntata wa su ne dubban yara da samari na ƙananan ƙungiyoyin unguwanni, waɗanda babu kyamarar da take kallonsu. Su kuwa ƙwararru, jarrabawarsu tana wasannin rana, na ƙarfe 1 da 3 da 5, inda mutum zai yi gudun kilomita goma ko fiye, sa'an nan ya jira magariba da sauran sa'o'i, cikin azumin da ya kusa awa 15.

Saurayin Nantes

A nan ne labarin Jaouen Hadjam ya shigo. Mai tsaron baya ne, ɗan shekara 20 a lokacin, yana buga wa Aljeriya, kuma a watan Janairun shekarar ya zo Nantes. Ranar 2 ga Afrilu Nantes ta karɓi baƙuncin Reims da rana, sai aka nemi sunansa cikin 'yan wasa aka rasa. Mai horarwa, Antoine Kombouaré, bai ɓoye dalili ba. Ya ce a ranakun mako ba shi da matsala da mai azumi, amma ranar wasa duk wanda ya ɗauki azumi ba ya cikin tawaga, kuma ba horo ba ne, kare lafiyar ɗan wasa ne. Jaridun Faransa sun ruwaito cewa Hadjam ya yarda ya ajiye azumi idan an yi tafiya zuwa wani gari, amma bai yarda ya ajiye shi a gida ba. Reims ta ci 3 da nema.

Wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin azumi zai gane nan take cewa matsayin wannan yaro ba taurin kai ba ne, yana da asali. Ayoyin azumi a Suratul Baƙara sun yi rangwame ga mara lafiya da matafiyi, su sha su rama a wasu kwanaki. A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar ita ce wadda ake ƙasaru a cikinta, kimanin mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, da sharaɗin mutum ya bar gari kafin alfijir, kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya je ba. Ƙungiyar da ta tashi daga Nantes ta kwana a Marseille ta buga wasa ta juyo ta cika waɗannan sharuɗɗa ba tare da wani ja-in-ja ba. Amma ɗan wasan da ya kwana a ɗakinsa, ya shiga mota ya yi tafiyar minti ashirin zuwa fili, ba matafiyi ba ne.

To, saura babin aiki mai wahala. Malamanmu sun yi magana a kan mai girbi da makamantansa, waɗanda abincinsu ya rataya a kan aikin da ba ya jinkirtuwa: ya kwana da niyya, ya wayi gari da azumi, idan wahala ta kai shi inda ba zai iya ba sai ya sha, ya rama daga baya. Ba a ba shi izinin ya yanke tun da dare cewa gobe ba zai yi azumi ba. Shin ƙwallo tana shiga wannan babi? Malaman zamani sun saɓa. A 2010, bayan wata ƙungiya a birnin Frankfurt ta gargaɗi 'yan wasanta uku saboda sun yi azumi ba su sanar da ita ba, majalisar Musulmin Jamus da hukumomin ƙwallon ƙasar sun nemi fatawa daga Azhar, aka ba su amsa cewa ƙwararren da ƙwallo ce kaɗai hanyar abincinsa, kuma kwantaragi ya ɗaure shi, yana iya sha ya rama. Wasu malaman ba su gamsu ba, suna ganin wasa ba ya kai matsayin lalura. Mu ba masu ba da fatawa ba ne, kuma wannan shafi ba zauren fatawa ba ne. Abin da muke iya cewa shi ne hukuncin yana tsakanin ɗan wasa da malaminsa da likitansa. Mai horarwa yana da haƙƙin ya ajiye wanda ya ga ƙarfinsa ya ragu a wajen atisaye, wannan aikinsa ne. Amma ya kafa doka tun kafin ya ga komai, cewa azumi da kansa shi ne aibi, wannan ya wuce gona da iri, musamman da yake an ga 'yan wasa da yawa a Ingila da Spain suna buga manyan wasanni a Ramadan ba tare da an ga wata gazawa ba.

Ƙarshen kakar Nantes bai yi daɗi ba. Toulouse ta lallasa ta 5 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Faransa ranar 29 ga Afrilu, aka sallami Kombouaré a watan Mayu, kuma sai a ranar rufewa ta tsira daga faɗuwa, da maki 36 a kan 35 na Auxerre. An samu masu cewa alhakin azumi ne ya kama su. Muna jan kunnen samarinmu daga irin wannan magana. Babu wanda aka ba ilmin gaibu a cikinmu, kuma wannan mutumin dai shi ne ya ɗauko wa Nantes kofin Faransa a 2022, da wannan dokar tasa.

Haka nan a tsakiyar Afrilun aka fallasa wata wasiƙa da ke zargin mai horar da PSG, Christophe Galtier, da cewa lokacin da yake Nice ya yi ƙorafin yawan baƙaƙe da Musulmi a ƙungiyar. Ya musanta, aka kai magana kotu, kuma a Disamba 2023 kotun Nice ta wanke shi. Zargin ya zagaya wayoyin jama'a cikin kwana ɗaya, labarin wankewar kuwa da ƙyar ya samu mai tura shi. Addinin da ya umurce mu da bincika labari kafin mu yaɗa shi bai ware wanda ba Musulmi ba daga wannan haƙƙi.

Namu tudun

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A lokacin bazarar Turai agogon Faransa yana gaban na Nijar da Kamaru da Cadi da awa ɗaya. Wasan da aka fara ƙarfe 8:45 a Paris, ƙarfe 7:45 ne a Yamai da Maraɗi da Damagaram, wato ana gama buɗa-baki ke nan, kuma zai ci lisha da asham gaba ɗaya kafin a tashi. Wasan ƙarfe 5 kuwa yana faɗowa kan la'asar. Wasan PSG da Lens da muka ambata ya zo ne a daren Asabar cikin goman ƙarshe, dararen da ake neman Lailatul Ƙadari. Duk limamin unguwa ya san yadda sahun samari yake raguwa a irin wannan dare, da yadda ihun gidan kallo yake shigowa masallaci ta taga ana tsakiyar karatu.

Hadjam ya yarda ya rasa wurinsa a fili, a sana'ar da yake ci da ita, domin kada ya rasa azumin yini ɗaya. Wanda yake zaune a kan benci a gidan kallo, yana zagin FFF saboda ta hana Musulmi minti ɗaya, shi kuma ya ba da sa'o'i biyu na asham kyauta, babu kwantaragin da ya ɗaure shi, babu mai horarwar da ya tilasta shi. Matafiyi yana da rangwame, mara lafiya yana da shi, mai girbi ma an duba halinsa. Ba mu taɓa cin karo da babin rangwamen ɗan kallo ba.

Ba muna kira a fasa talabijin ba ne. Wasan motsa jiki halal ne a asalinsa, kuma uban da ya hana ɗansa kallo a gida sau da yawa tura shi yake yi inda ba ya ganinsa, inda ake cacar sakamakon wasa ta waya, wadda haramcinta ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da muka ga yana aiki a wasu gidaje shi ne uba ya san jadawalin wasannin kamar yadda ya san na salla, ya zauna da yaransa tun kafin Ramadan a yi yarjejeniya: wasan da ya hau kan salla a bar shi, a ga maimaicinsa daga baya, tunda yanzu babu ƙwallon da ake ci ba a same ta a waya ba kafin sahur. Iyaye mata kuma, waɗanda galibi su ne suke gida lokacin da ake kunna akwatin, a ba su goyon baya idan sun ce a kashe.

Sai kuma mai ɗa da yake da ƙafa, wanda ake ce masa wata rana zai je Turai. Kafin a sayar da gona a ba wani dillali kuɗin jirgi, ya kamata a san abin da ke jiran yaron. Ranar 29 ga Yuni 2023 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta tabbatar wa FFF ikonta na hana mata buga gasa da hijabi, ko da yake dokokin ƙwallo na duniya sun halatta rufe kai tun 2014, kuma wata guda bayan hukuncin Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar kofin duniya ta mata da hijabinta. A Maris 2024 kuma Mahamadou Diawara na Lyon ya bar sansanin tawagar Faransa ta 'yan ƙasa da shekara 19, saboda tsarin da aka kafa na cewa ba za a sauya lokutan abinci da atisaye domin masu azumi ba. Yaron da zai shiga wannan duniya yana bukatar ya san hukuncin matafiyi da na ramuwa tun yana gida, ya kuma san yadda ake yi wa shugaba magana da ladabi ba tare da an sunkuyar da kai ba. Wannan karatu ne na zaure da makarantar allo da islamiyya, babu cibiyar horar da 'yan wasa a Turai da za ta ba shi.

Taurarin waccan kaka sun watse. Messi ya tafi Amurka a 2023, Neymar da Seko Fofana suka nufi Saudiyya, Openda ya koma Jamus, Mbappé ya tafi Real Madrid a 2024, Hadjam kuma ya koma Young Boys ta Suwizalan. Maganar shan ruwa ita ce ba ta tafi ko'ina ba, domin Ramadan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana shiga cikin hunturun Turai. A 2030 zai kama a watan Janairu, lokacin da rana take faɗuwa a Paris jim kaɗan bayan ƙarfe 5, wato ana tsakiyar wasannin yamma.